Baba Gawayi, Mutumin Da Ya Riga Ni Tsare 'Yata

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar masana'antar batir da ke bayan layinmu, Baba Gawayi ya iso. Ya rataye rigarsa a ƙusa, ya zura takalmin roba, ya zagaya tankunan nan uku masu cike da gawayin ɓawon kwakwa. Duk ruwan wankin masana'antar ta cikinsu yake bi kafin ya faɗa rafin da ya ratsa kusa da rijiyoyinmu. Ya ɗiba a kwalba, ya kai awo, ya dawo. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ba zan ɓoye ba, kishinsa nake yi.

Ni ce mai tafasa wa 'yata ruwa sau biyu, in tace da farin ƙyalle, in hana ta kofin kowa. A zatona babu mai tsaron yarinyar nan sai ni. Ran nan na hango shi ta shingen wayar masana'antar yana kwashe gawayi yana zubawa a ganga, ga dutsen gugana ba wuta.

"Baba, tunda zubarwa za a yi, a sam mini mana."

"Ko ƙwaya ɗaya."

"Kai Baba! Rowa har da shara?"

Ya yi dariya, ya ɗago ɗaya da safar hannu. "'Yata, wannan ya ƙoshi. Kin san ƙarangiya a jikin zane? Ba shiga zanen take ba, maƙalewa take. Gawayin nan duk ramuka ne da ido ba ya gani. Ruwa ya wuce, dalma ta maƙale. Ran da ramukan suka cika, sai ya ƙyale ta ta wuce, dole a canza shi. Ki hura wuta da wannan, jikanyata ta shaƙi abin da na yi wata uku ina tare mata."

Na ce, "Ai ni ina tafasa ruwa."

"Tafasa ƙwayar cuta take kashewa. Dalma ƙarfe ce. Kin taɓa ganin an kashe cokali?"

Na koma gida na zuba wa tukunyata ido. Haushi ya cika ni, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Direban masana'antar shi ya ba maigidana labarin sabon manaja. Wai ya ɗaga kwalba ya ce ruwa garau kamar madubi, a bar gawayin ya ƙara wata biyu. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, dalma ba ta da launi." Ya murɗe famfon fita, ya jawo kujera ya zauna a gabansa. Kwana biyu injuna na tsaye, har sabon gawayi ya iso. Mu kuwa muna ta wanki da girki, ba mu san an yi ba.

Da aka auna jinin yaran layinmu a asibiti, na 'yata ya fito lafiya lau. Nas ta dafa ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari, uwa tagari." Na amsa, har da murmushi. Amma tun ranar na san yabon nan ba nawa ba ne.

Baba, kai ne katangar da ba mu taɓa jingina da ita ba, amma ita ta tare mana. Kai ne mai baƙin hannu, mai farin ruwa. Yarinyar da na goya, in ta hango ka sai ta zame daga hannuna ta ruga bakin waya. Yanzu kuma jikokinka za su same ka duk yini. Su ma ina kishinsu.

Wanda zai gaje ka, ya ji ni: kada ya yarda da idonsa, ya yarda da awo, kuma ya san inda kujerar nan take.

Yabon nas kuwa, ajiya ce na riƙe. Ga shi na dawo maka da shi a gaban mutane. Na gode, Baba. Sannu da ƙoƙari, uwa tagari.