Wardin Adda Hajo da Na Bari Aka Nome

Daminar nan da muke ciki ita ce ta bakwai tun da muka rufe yayata Hajara a maƙabartar Kalgo. Mu a gida Adda Hajo muke ce mata. Mutanen gari kuwa Hajo Mai Hure suka sani, wato mai fure, da farko don zolaya, daga baya don sun rasa sunan da ya fi dacewa da ita. Shekara bakwai ina ɗaukar alƙalami in rubuta wani abu a kanta, ina ajiyewa, saboda duk ta inda na biyo da labarin sai ya ratso ta kaina, kuma ta wurin da ba na so a gan ni.

A Gwandu aka haife mu. Ita ce babba, ni ne na ƙarshe, a bayanta na yi wayo. Aure ya kai ta Kalgo, gidan Malam Garba, wanda yake aikin kula da shuke-shuke a wani masaukin baƙi a Birnin Kebbi. Idan ya yi wa itatuwan masaukin aski, maimakon ya zubar da rassan sai ya ƙunso su ya kawo gida, ita kuma ta riƙa soka su cikin fasassun tukwane a bayan madafa. Wasu su mutu, wasu su kama. Daga nan ta koya, ba ta taɓa zama gaban wani malamin gona ba. Da Allah Ya yi wa Malam Garba rasuwa ya bar ta da 'ya ɗaya, Safiya, rabon gado ya ba su wani siririn fili a fadama, kusa da gulbi. Duk maƙwabtan filin albasa suke yi da rani, shinkafa da damina. Adda ta gama takaba ta ce ita fure za ta shuka.

Innarmu ce ta aike ni in je in yi mata magana, don a ganinta baƙin ciki ne ya taɓa ta. Na same ta durƙushe tana jera tukwane, zani ɗaure a ƙugu. Na ce, "Adda, hure aka ci?" Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Manu, kai alli kaka ci? Amma da shi kaka ciyar da gidanka." Ni malamin firamare ne. Na hau babur ɗina na koma Gwandu ba tare da na isar da sauran saƙon ba.

Wanda bai san zafin bazarar ƙasarmu ba ba zai gane abin da ta ɗora wa kanta ba. Sau biyu tana dasa wardi, sau biyu rana tana ƙone shi ƙurmus. A na uku ta kafa rumfunan zana ƙarƙashin wani mangwaro, ta haɗa takin shanu da ƙasar bakin gulbi, ta riƙa ban ruwa kafin rana ta fito da bayan ta faɗi. Ya kama. Ta ƙara da yasmin, da furen rana, da wani mai rarrafe da muke kira furen takarda, ta kewaye filin da lalle don ƙamshin furensa. Idan aiki ya samu har tafki take aikawa a ciro mata bado. Mai haƙuri aka ce yakan dafa dutse, amma ba a cika faɗin yadda hannunsa yake komawa ba. Tafin hannun Adda duk tsagar ƙaya ne, lalle ma ba ya kama shi da kyau.

Aikinta na farko na adon fure wani biki ne a Birnin Kebbi, na 'yar wata mata da ta san Malam Garba. Daga nan baki ya kai wa baki. Ba ta karɓar aiki sai an kawo mata ƙyallen kayan da amarya za ta sa. Ta ɗora shi a cinya ta daɗe tana kallo, sannan ta shiga lambu tana karawa jikin furanni har ta sami waɗanda suka yi zumunci da shi. Bayan sallar asuba take yanka, ta tsoma cikin bokitai, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, a kai ɗakin da ta shimfiɗa wa rairayi mai danshi. Gindin adon kuwa da kaba take saƙa shi, kamar faifai ko ƙaramin kwando, ta soka furen a ciki. Na taɓa raka ta wani ɗakin taro ina ɗauke da bokiti. Na ga manyan mata masu gwala-gwalai suna matsawa gefe tana gaya musu inda za a ajiye kujera. Ranar ce na fara jin kunyar tambayar da na yi mata.

Ba ita kaɗai take aikin ba. Akwai Dije, wata Bafulatana daga Wurogauri, wadda ɓarayi suka kore musu shanu, mijin ya tafi nema bai dawo ba. Tallan taki ya kawo ta lambun, ta tsaya kallon yadda ake dashe, Adda ta miƙa mata wuƙa. Cikin shekara biyu Dije ta fi kowa iya haɗa reshen wardi da wani gindi. Bayanta wasu mata uku suka zo, dukansu masu irin nata labarin. Idan ka bi ta fadamar da hantsi za ka jiyo su suna hira da dariya ƙarƙashin rumfa, abin da ba a saba ji a wurin ba.

A daminar da ta rasu gulbi ya cika ya tumbatsa. Da safe ruwa ya fara shiga lambun, ita da Dije suka shiga kwashe tukwanen dashe suna kaiwa kan tudu. Abin da ba su tuna ba shi ne, ba su kaɗai ke gudun ruwa ba. Adda ta sa hannu ƙarƙashin wata tukunya, kububuwa ta sare ta a tsintsiyar hannu.

Aka buga mini waya. Hanya ta lalace, ban iso Kalgo ba sai bayan azahar. Na tarar an kira mai maganin maciji, ya tsaga wurin ya shafa wani baƙin gari, ya ce kada a motsa ta sai gobe. Dattawan unguwa suka ce ya sha warkar da irin wannan. Dije ta tare ni a zaure tana kuka, ta ce, "Malam, mu kai ta asibiti, jinin ga bai tsayawa." Ni mai ilimin boko, ni ake jira in yanke magana. Na dubi dattawa, na ji nauyin in musa musu a gaban jama'a, na ce a bari zuwa safiya. Da safe dasashinta yana zubar da jini. Asibitin farko da muka je suka ce ba su da allurar dafi. Na biyu suka ce tasu ta ƙare, sai dai mu nemo a gari. Kafin a samo, yini ya tafi. An yi mata, amma likitan ya ja ni gefe ya tambaye ni tun yaushe abin ya faru. Da na faɗa masa, sai ya dafa kafaɗata kawai.

A rana ta uku da la'asar ta farfaɗo kaɗan. Ta tambayi Safiya, na ce tana gida wurin Inna. Ta ce, "Manu, wardin nan shekara huɗu na yi ina fama da shi. In ruwa ya janye zai tashi. Kada ka bari a nome shi. Ka bar wa Dije, ta san komi." Na ce na ɗauki alkawari. Kafin magariba ta cika.

Ruwa ya janye, kuma kamar yadda ta faɗa, wardin ya tashi. Ni ne waliyyin Safiya, wadda take da shekara goma sha biyu a lokacin, don haka maganar filin a hannuna take. Dije ta zo har Gwandu ta durƙusa a tsakar gidana, ta ce su huɗu za su riƙe lambun, su riƙa kawo wa marainiya rabonta. Na ce zan yi shawara. Waɗanda na yi shawarar da su suka ce mata kaɗai ba za su iya da masu motar haya da masu ɗakunan taro ba, kuma fure ba abin da za a jingina rayuwar marainiya a kansa ba ne. Wani manomin albasa yana son hayar filin. Maganarsu ta yi daidai da abin da raina yake so, domin ba na ƙaunar sake taka fadamar nan. Duk sanda na ga tudun sai in tuna zauren da na ce a bari zuwa safiya. Na ba da filin. Ban je ba ranar da aka sa garma. Dije ta je. An ce ta tsaya a kan kunya har aka gama, ta ɗauki wuƙarta ta tafi, ba ta yi wa kowa sallama ba. Alkawari kaya ne, ni kuwa na sauke nawa a inda babu mai ganina, na ce wa kaina hankali na yi.

Ina yawan tambayar kaina abin da Adda za ta ce da ta leƙo yau. Sana'ar da aka yi mata dariya a kanta ta zama ta 'yan gayu. Ba bikin da za a yi, ko a Gwandu ko a Kalgo, da ba a kira mai ado ba. Sai dai duk furen roba ne, a buhu ake kawo shi, a wanke a kai wani bikin. Na san za ta matsa kusa ta shinshina, ta yi tsaki. Amma ita mai adalci ce. Ina jin za ta yaba wa 'yan matan da suke wannan aiki da wayoyinsu a hannu, suna ciniki da maza ido da ido ba mai ce musu sun haukace. Ba su san sunanta ba, ba su san akwai wadda ta sha zagin da ya kamata su sha ba.

Abin da zai fi ɗaga mata hankali fadamar ce. Ruwan da a da sai an jima yake irin wannan ɓarna yanzu kusan kowace damina sai ya zo. Man injin ban ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Mutanen ƙauyukan da take sayen taki a wurinsu, wajen Dodoru da Ceberu, da yawa ba sa nisa da gida sai da fargaba. Makiyayan da suka rage suna kwana da ido ɗaya. Har manomin albasar da na ba filin ya bar shi bara, yanzu ciyawa ce da ƙaya. Maganin dafi kuwa, kwanan baya wani maƙwabcina ya yi irin yawon da muka yi da ɗan'uwansa, asibiti zuwa asibiti. Shi Allah Ya sa da sauran kwana. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma mu mun gani, mun binne, mun koma mun zauna.

Dije tana nan. Fura take sayarwa a tashar Kalgo. Idan na sauka daga mota ta gan ni takan gaishe ni da ladabi, ta tambayi Safiya, ta mayar da kanta kan ƙwaryarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sauran matan uku, ɗaya ta rasu wajen haihuwa, biyu ban san inda suke ba.

To me ya rage na Adda Hajo? Lambu babu. Hoton aikinta ko ɗaya ba mu da shi, wayarta ta faɗa ruwa ranar da abin ya faru. Adon da ta yi wa amare kwana biyu yake yi ya bushe, ta san haka tun tana saƙa shi, bai taɓa sa ta yi aikin ganin ido ba. Na auna na sake aunawa, abin da na samu kaɗan ne amma yana da nauyi. Mata huɗu da duniya ta juya wa baya sun yi shekaru suna cin guminsu suna dariya a inuwarta. Garin da bai taɓa tunanin ƙasarsa za ta fid da wardi ba ya gani da idonsa. Sai kuma Safiya, wadda ta ɗauko tafiyarta da taurin kanta da yadda take kallon mutum har sai ya faɗi gaskiya.

Safiya tana gidana, shekararta goma sha tara. Duk tsawon wannan lokaci abin da ta sani shi ne ambaliya ce ta cinye lambun uwarta, domin haka na gaya mata. A watan jiya, muna zaune da hantsi tana tsince shinkafa, ta tambaye ni ko uwarta ta bar wata magana kafin ta cika. Ta sha tambaya, ina cewa addu'a kawai ta yi mata. Wannan karon bakina ya ƙi. Na gaya mata komai, tun daga zaure har garma. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Kawu, na yafe maka na asibiti, kwananta ne ya ƙare. Amma da ka faɗa mini za a nome, da na je na yanko ko reshe ɗaya."

Ita ce ta ce in rubuta wannan, in kuma rubuta shi yadda ya faru.

Allah Ya jiƙan Hajara, Ya sanyaya makwancinta, Ya ba ta lambun da ruwa ba ya ci, garma ba ta shiga. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. In da saura, ya sa da ni.