Masi Naziran da Ciwon Alkama

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya ci gurasar hannun Masi Naziran, Masi kuwa a wurinmu kamar a ce gwaggo ne. Tanderunta yana bayan masallaci, ƙarƙashin wata rumfar kara da ta sha hayaƙi har ta koma baƙa wuluk. Da hantsi da kuma bayan la'asar mata kan zo da kwanonin kwaɓinsu a ka, su jeru a dakali suna gulmar waɗanda ba su iso ba tukuna. Ita kuwa tana zaune a bakin wuta, ta faɗaɗa curi tsakanin tafukanta, ta zura hannu har kafaɗa ta manna shi a jikin tanderu. Ba a biyanta da kuɗi. Tun zamanin surukarta, wadda ta gadar mata da sana'ar, hakkin mai tanderu curi ɗaya ne daga kowane kwano. Abin da ta tara shi take gasawa ta ci safe da yamma, da ɗan albasa ko wake idan an samu.

Mace ce 'yar firit, fuska a koɗe, ciki kullum a kumbure, ga jiri ga kasala. Haka ta taso tun tana yarinya. Da sanyi ya shigo, mata suka koma gurasar masara da miyar ganye a kaskon gidajensu, aikin tanderu ya ja baya, sai a riƙa aiko mata da garin masara, sai ka ga Naziran ta murmure har tana tsokanar mutane. Da an girbe sabuwar alkama, zafi ya buɗe, shi ke nan, zawo ya dawo. Kowa a ƙauyen ya san dalili, don mu ba a rasa mu da sanin dalili. Wasu suka ce zafin bazara ne, wasu suka ce wutar tanderu ce ke cin jininta, tsofaffi suka ce baki ne. Mijinta Mehr Din, mai amalanken jaki, ya yi yawon masu magani da ita har ya gaji, layu kuwa har wuyanta ya yi nauyi. Ciki ya zube mata ba sau ɗaya ba. 'Ya ɗaya ce ta tsaya, Shagufta. Mehr Din ya koma ga Allah bai san abin da ke damun matarsa ba, kuma wannan yana ba ni tausayi har yau.

Shagufta ta yi aure a birnin Sahiwal, gidan wani tela. Wata bazara, bayan an gama sussukar alkama, jiri ya ɗebi Naziran a bakin tanderu, saura ƙiris ta faɗa ciki. Da labari ya kai birni, Shagufta ta zo ta tattara uwar sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka zura mata wata 'yar roba ta maƙogwaro aka duba hanji. Ranar da suka koma, likitar, wata matashiya mai tabarau, ta jawo kujera kusa da ita.

"Masi, alkama ce ba ta yi da jikinki," in ji likitar.

"Wace alkamar, 'yar nan? Sabuwa ko tsohuwa?"

"Kowace iri, har da sha'ir. Sunan ciwon siliyak. Duk sanda alkama ta shiga cikinki sai ta goge miki hanji, abinci ya wuce bai amfane ki ba. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Maganinsa ki bar ta har ƙarshen rayuwa, ko ɗan burbushi. Ki ci masara, shinkafa, gero. Kada a niƙa miki a injin da ake niƙa alkama."

Naziran ta dube ta sama da ƙasa. "Kin san sana'ata kuwa?"

Da aka gaya mata, likitar ta ce taɓawa ba ci ba ce, ta dai wanke hannu sosai, ta ware kaskonta.

A bakin asibiti Shagufta ta buɗe maganar da take ta juyawa a ranta. "Inna, ki rufe tanderun nan. Abin da ake biyanki da shi shi ke kashe ki. Ki dawo wurinmu, akwai ɗaki, surukinki da kansa ya ce in gaya miki."

Naziran ta tsaya cak a tsakiyar hanya. A wurinmu uwa ba ta cin abincin gidan da ta aurar da 'yarta. Tsofaffinmu na da ko ruwa ba sa sha a can, kuma Naziran irinsu ce, in za ta ziyarci Shagufta da ƙunshin gurasarta take tafiya.

"In zauna a gidan suruki ina jiran a zuba min? Ni Naziran? Ki bari in mutu tukuna, sai ki kai ni duk inda kika ga dama."

Suka yi ta ja har tasha. A ƙarshe Shagufta ta ce ta ji, amma in damina ta sauka jikin bai canja ba, za ta zo da mota ta ɗauke ta ko tana kuka. Naziran ta amsa da to.

Wadda ta tsaya mata a ƙauye ita ce Sharifan, ƙawarta tun suna amare, mace mai jiki da murya, mai baunar tatsa biyu, wadda ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Ita ta tara mata a dakali ta yanke hukunci: daga yau ba curi, kowa ta kawo tafin masara ko shinkafa.

"Masi ta kamu da ciwon 'yan birni," in ji wata amarya. "Gobe kuma a ce sai da cokali."

"Rufe min baki," in ji Sharifan. "Ke da kwaɓinki ke zuwa kamar kunu."

Aka yi dariya, aka yarda. Tun da an hana injin niƙa, Sharifan ta ce ita za ta riƙa tattara masarar ta niƙa a dutsen hannu na gidanta. Kuma ta yi, wallahi. Mace mai ciwon gwiwa ta zauna tana juya dutse bayan ta gama tatsa, ta kawo gari a ƙulle cikin mayafi. Naziran ta sayi sabon kasko, ta riƙa wanke hannu har gwiwa kafin ta taɓa abincinta. Ta ma lura cewa gurasar masararta ta daina tsagewa a gefe, tana fitowa lafiya lau kamar faranti, ta ɗauka hannunta ne ya ƙware da tsufa.

Da farko ta ɗan ji sauƙi. Daga nan abin ya tsaya. Cikin ya ci gaba da kumbura, zawon ya tafi ya dawo, jirin yana nan. Ta ɓoye iya ɓoyewa. In mata sun watse sai ta jingina da ginshiƙin rumfa ta rufe ido, tana cewa a ranta ko likitar ce ta yi kuskure, ko kuwa haka Allah ya rubuta mata, ta ƙare a ɗakin suruki. Ba ciwon ne ya fi ba ta tsoro ba, ta saba da shi. Barin rumfar nan ne.

Ƙauye ba ya riƙe sirri. Hadari ya fara haɗuwa ke nan, sai ga Shagufta da keke mai ƙafa uku da la'asar, daidai lokacin da mata suka cika dakali. Ta kalli uwar sau ɗaya, ta wuce ɗaki ta fara cusa kaya a akwatin ƙarfe. Naziran ba ta da ƙarfin gardama. Ta zauna a bakin tanderu, wutar tana ci a banza, mata suna riƙe da kwanoninsu ba mai motsi.

Sharifan ce ta fara kuka, da ƙarfi kamar yadda take yin komai.

"Ni dai Allah ya gani na yi iyakar yina," ta ce tana share hanci da mayafi. "Gwiwata ta kumbura a kan dutsen nan. Har tafin alkama nake zuba mata a cikin garin don ta samu ƙarfi, kuma daga mai kyau, wadda na ajiye wa baƙi. Amma duk a banza."

Shagufta ta fito da akwatin a hannu. Ta ajiye shi a hankali.

"Masi Sharifan, me kika ce kina zubawa?"

"Tafi ɗaya fa, 'yata. Wa ke kwaɓa masara zalla? Ai sai ta farfashe. Uwata ma haka take yi. Kuma mutum ya yi ta zama ba alkama a cikinsa, da me zai tsaya?"

"Likita ta ce ko burbushi."

"Na ji ta ce ta daina cin gurasar alkama. To ai ta masara take ci."

Shagufta ta zuba mata ido. Da sa'arta ce da ta sha zagi ranar, amma wannan matar ta goya ta, sai ta cije leɓe hawaye suna zuba. Can sai aka ji wani sauti daga bakin tanderu. Naziran ce ke dariya, ta riƙe ciki, har tana tari. Daɗi ne ya cika ta, don ashe likitar ba ta yi kuskure ba, ashe ba a ma fara maganin ba tukuna.

"Sharifan, Allah ya shirye ki," ta ce da ta samu numfashi. "Tun muna amare kike neman kashe ni da surutu, kin kasa, shi ne kika koma alkama."

Sharifan ta zube a ƙasa ta kama ƙafafunta tana neman gafara, sai da mata biyu suka ɗaga ta. Naziran ta juya wurin 'yarta.

"Mayar min da akwatina. Wannan karon bai shiga lissafi ba, kin ji da kunnenki. Ki ba ni zuwa ƙarshen damina."

Shagufta ta ɗaga akwatin ta koma da shi ɗaki.

Washegari aka ɗauko dutsen niƙan aka kawo gidan Naziran, aka wanke shi aka shanya. Mata suka koma kawo hatsin da ƙwayarsa, wanda ido zai gani, ita kuma ta baza a faifai ta tsince. Sharifan ba ta fasa zuwa niƙa ba, sai dai a bakin ƙofa Naziran ke tare ta, ta sa ta kakkaɓe mayafi ta buɗe tafuka. "Ɓarauniya ce ni?" in ji Sharifan kullum. "A'a, mai kyauta ce, shi ya fi ba ni tsoro," in ji Naziran. Gurasar ta koma tsagewa a gefe, wani lokaci ta rabu uku a kasko. Haka take tattarawa ta ci.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Cikin ne ya fara sacewa, sannan jirin ya yi nisa. Ana tsakiyar zafin nan mai ɗanko na damina, wanda a da yake kwantar da ita, sai mata suka lura Masi ta dawo da faɗa. Ta mayar wa amaryar nan da kwanonta ta ce ta je ta sake kwaɓi. Ta kori akuyar liman da muciya.

Da ruwa ya ɗauke, Shagufta ta zo ba sanarwa, ta ce wa mai keken ya jira ta a bakin masallaci. Ta tarar da mata a jere a dakali suna gunaguni, wuta ta yi jajir, mai tanderu ba ta wurin.

"Ina Inna?" ta tambaya, muryarta ta canja.

"Tana baya," in ji amaryar. "Haka take mana yanzu. Sai ta gama za a kula mu."

Shagufta ta zagaya bayan rumfa. Uwarta tana zaune a tabarma, gabanta gutsattsarin gurasar masara sun sha man shanu, ga kwanon nono, tana ci hannu baka hannu ƙwarya, Sharifan tana gefe tana yi mata fifita. Tun da Shagufta ta yi wayo ba ta taɓa ganin uwarta ta cinye abin da ke gabanta ba. Kullum loma biyu ce, ta ture, ta ce ta ƙoshi. Yau ga ta tana suɗe kwano.

Shagufta ta koma bakin masallaci ta sallami mai keken. Da ta dawo ta durƙusa a gefen tabarma, kuka ya ƙwace mata.

"To kukan na mene ne kuma?" in ji Naziran, tana miƙa wa Sharifan kwanon. "Tashi ki ɗora min wata a kasko, 'yar nan. Yunwa nake ji."