Mai Murza Ƙasa a Filin Ƙwallo

Jiya da la'asar na ga wani baƙo a filin ƙwallonmu na bakin kanal ɗin noman rani a Bunkure, ya tsuguna yana murza ƙasa yana shinshinawa. Nan take na tuna kawuna, wanda ya kula da filin nan har ƙarfinsa ya ƙare.

Kullum yana gindin tsohuwar tsamiyar filin, fartanya a kafaɗa, baki ja da goro. Yakan ce, "Mai kallon ƙwallo ba ya kallon ƙasa."

Wata rana muna zaune sai ga wani alhaji, turare na tashi. Ya ce, "Baba, bari in janyo muku ruwa, ciyawa ta fito, yara su daina kurjewa."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, a garin nan duk inda ruwa ya shiga, albasa ce ke biyo shi. Mun gode."

A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. To, baƙon jiya ma ruwa ya yi mana alkawari.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, mu kuma ya ara mana idonka.