Daminar da Darmaji Ya Sayar da Gidansa

Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakanina da Darmaji a unguwarmu ta kan tudu a garin Salatiga, amma ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Zai kurɓa sau biyu, ya miƙe ya gyara igiyar shanya, ya dawo ya kurɓa, sai ya tuna bai rufe tankin ruwa ba. Matarsa Ponirah takan ce jirgin ruwa ne ya ɓata shi. Shekara talatin ya yi yana aikin kuku a jiragen da ke kai fasinja tsibiran gabas, yana zuwa gida sau uku ko huɗu a shekara. Da ya ajiye aiki ya dawo gaba ɗaya, ƙafafunsa ba su ajiye ba.

Lambun bayan gidan na Ponirah ne tun asali. Da rani takan shuka barkono, tumatir da gauta, ta yi musu ban ruwa safe da yamma, don barkono ruɓewa yake in ruwan sama ya yi yawa. Da damina ta faɗi sai ta tuge su, ta kafa sandunan gora ta sa dogon wake ya hau, ta watsa alayyafo, ta binne rogo a gindin katanga. Citta da kurkum kuwa suna nan ko yaushe a inuwar ayaba. Da gwiwoyinta suka ƙi, sai ta koma kan kujerar roba a bakin ƙofar baya, riƙe da sanda tana nuni, Darmaji yana haƙa. Daga nan ya fara kiranta Kyaftin.

Nasa aikin na kansa shi ne maguna. Biyar ne, duk tsintattu, kuma kowacce ya raɗa mata sunan wata tashar jiragen ruwa. Babbansu wani tsohon muzuru ne mai suna Ambon, wanda haƙori biyu suka rage masa. Darmaji bai yarda da abincin maguna na leda ba, ya ce bai san wanda ya dafa ba. Ranar Litinin da Alhamis yakan sauka kasuwa ya karɓo kawunan kifi da hantar kaza, ya zuba a wata doguwar tukunya da ya taho da ita daga jirgi, ya sa shinkafa da kabewar lambu, babu gishiri babu albasa, ya dafa har ƙaya ta yi laushi. Sai ya tsince manyan ƙasusuwa da yatsa, ya dama na Ambon daban kamar kunu. Duk unguwa mun san ranar Litinin da hanci.

Abin da ya tayar da zancen sayar da gidan shi ne matakala. Daga titi zuwa ƙofarsu hawa arba'in da biyu ne, babur ma ba ya zuwa. Wata rana a ƙarshen rani numfashin Ponirah ya sarƙe, sai da maza huɗu suka sauko da ita a kan kujerarta kafin a sami mota. Ta warke bayan kwana biyar, amma 'yarsu ɗaya tilo, Widuri, wadda ke aure a birnin Semarang, ta ce an gama. Ta samo musu ƙaramin gida a bayan nata, ƙasa shimfiɗe, asibiti kusa. Darmaji ne ya fara cewa to, yana tsaye yana goge teburin da ya riga ya goge.

Dillalin da Widuri ta turo, wani Hartoyo, ya hau matakalar yana haki, ya zagaya gidan yana taɓa bango. Ya ce gidan na da kyau, amma sai an wanke funfunar da ta yi baƙi a bangon banɗaki, a kwashe tarkacen ɗakin ajiya, a kankare gansakukar rufi, a share lambun ya fito fili, don mai saye yana son ya ga iyakar abin da zai saya. Sannan ya ja hanci, ya ce in da hali ranar da za a zo dubawa kada a ga mage ko ɗaya.

"Baba, gida nake sayarwa, ba kasuwar kifi ba," in ji shi yana dariya.

Darmaji bai yi dariya ba, amma washegari da sassafe na ji karar buroshi ta katanga.

Ban taɓa ganin an wanke gida irin wannan ba. Ya fara da banɗaki, ya goge tsakanin tayil ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Ya cire tagogi ya wanke su a tsakar gida. Ya shafa farin fenti a falo, da ya bushe sai ya ga ɗakin kwana ya yi duhu kusa da shi, ya shafa masa, sai kicin ya zama abin kunya. Hartoyo ya ba shi mako biyu, Darmaji ya cinye shida bai ce a kawo kowa ba. In dillalin ya kira, sai ya ce saura kaɗan.

Ɗakin ajiya ne ya fi ba shi wuya. Akwai manyan ludayan jirgi, tsofaffin rigunan aiki, keken Widuri na yarinta, gwangwanayen iri da Ponirah ta rubuta wa shekara, da wata katifa da gara ta cinye rabinta, wadda Ambon ke kwana a kai. Zai ɗauki abu ya nufi kwandon shara, ya tsaya a tsakiyar hanya, ya juyo ya leƙo ta katangata.

"Tuminah, ajiye min wannan na kwana biyu."

Kafin wata ya ƙare, barandata ta zama ɗakin ajiyar Darmaji. Katifar ce kaɗai ya iya ƙonawa.

Masu dubawa na farko wasu mata da miji ne daga garin Solo, kuma Hartoyo ya kawo su ranar Alhamis ba tare da ya faɗa ba. Tukunya na kan wuta. Matar ta toshe hanci da gefen mayafinta tun daga hawa na talatin, ko falo ba ta shiga ba. Bayan nan girkin ma ya dawo bayan gidana, maguna huɗu suka biyo tukunyar. Ambon ne kawai ya ƙi tsallake katanga. Yana yawo cikin ɗakunan da ke warin fenti, yana shinshina wurin da katifarsa take a da.

Ruwan farko ya sauka a farkon Nuwamba. Ina kwashe shanya na ji Darmaji da Ponirah suna gardama. Ponirah ta ce a kafa gora, lokacin wake ya yi. Darmaji ya ce dillali ya ce a share, ba a shuka ba, kuma wa zai ci waken. Ta ce ko ɓera ne ya ci, ita dai ba za ta zauna tana kallon ƙasa jiƙe babu komai a kai ba.

"Baban Widuri, in ba za ka iya ba, miƙo min fartanyar in rarrafa."

"Kyaftin, gwiwar da ba ta kai ki banɗaki ita za ta kai ki kunya?"

Ya faɗi haka, amma kafin la'asar gora na tsaye layi uku, alayyafo an watsa. Da Hartoyo ya zo ya gani, ya riƙe ƙugu yana girgiza kai.

A makon ne Ambon ya ɓata. Darmaji ya bi unguwa gida gida, ya leƙa kwalbati, ya sauka har bakin rafi yana buga cokali a jikin kwano. Kwana uku bai ci abincin kirki ba, kuma bai daina aikin gidan ba, sai dai ya rikice: ya wanke daɓe ɗaya sau biyu, ya bar famfo a buɗe har ruwa ya gangara matakala. A rana ta huɗu ya kafa tsani ya hau kankare gansakukar rufi, duk da Ponirah ta ce ya jira rana ta busar da shi. Yana can sama ya ji kuka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗaga tayil biyu na rufin, sai ga muzurun a cikin silin, a kan wani tsohon buhu, ya rame, idanunsa duk kwantsa. Darmaji ya rungume shi da hannu ɗaya ya fara saukowa da ɗayan. Saura taki huɗu tsanin ya zame.

Muzurun bai ji komai ba. Darmaji ya karye a wuyan hannun dama, idon sawunsa ya kumbura kamar gwanda. A asibiti aka ɗaure hannun, aka ce mako shida kada ya ɗaga ko buta.

Sai aka fito da kujera ta biyu aka ajiye kusa da ta Ponirah. Wannan zaman ya fi karayar yi masa ciwo. Yana kaɗa ƙafar mai lafiya, yana ƙirga dodon koɗin da ke hawa gora, yana gaya wa duk mai wucewa abin da bai yi daidai ba. Ranar Lahadi shugaban unguwa ya kira gayya. Maza suka gama rufin, mata muka wanke labule da kicin, muka kwashe sauran tarkace, aikin da ya hana shi barci wata biyu muka gama kafin azahar. Girkin maguna kuwa Ponirah ta karɓa. Muka kawo mata murhu gaban kujera, tana juyawa yana cewa kabewar ta yi yawa, tana cewa ai ita ta shuka ta.

Da yammacin ranar na kawo musu dafaffen rogo, na tarar suna magana ƙasa ƙasa, kuma ba su daina don ni ba. Ponirah tana cewa ta gane tun tuni, ba tsabta yake nema ba, so yake kada aikin ya ƙare. Na zaci zai musa. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke ɗaure.

"Shekara talatin ina kan ruwa ina tunanin gidan nan," ya ce. "Na dawo na kasa zama a cikinsa. Yanzu da aka zaunar da ni dole, sai ga shi na wani ne."

"To ka zauna na mako shidan," in ji ta. "Ni ma ban taɓa samunka haka ba."

Ya zauna, iyakar iyawarsa. Ta koya masa ware irin wake mai kyau daga maras kyau da hannun hagu, ya ba ta labarin garuruwan da bai taɓa ba ta ba, ko ya ba ta tana tsakiyar aiki ba ta ji ba. Ambon ya koma kwana a ƙarƙashin kujerarsa.

Wadda ta sayi gidan wata mata ce da ke gina ɗakunan haya don ɗaliban jami'a. Ba ta dubi fentin ba, ba ta leƙa banɗakin ba. Ta auna filin da taki, ta ce za ta rushe ɓangaren baya ta yi bene. Na ga fuskar Darmaji a lokacin, na kawar da kai. Amma matar ba muguwa ba ce. Da ta ga waken ya fara fure, ta ce magina ba za su zo ba sai bayan damina, su ci abinsu. Sau huɗu aka tsinke waken nan, duk gidan da ya zo gayya ya sami ƙulli.

Sun tashi a watan Fabrairu, ana yayyafi. Maguna biyu kawai Widuri ta yarda a kawo, don mijinta na atishawa in mage na kusa. Darmaji ya ɗauki Ambon da wata ƙaramar baƙa, ya bar min uku, ya tsaya a ƙofata yana maimaita min yadda ake girkin har direban motar kaya ya gaji da danna oda. Kayansa na baranda bai ɗauki ko rabi ba.

Na je Semarang bayan Sallah. Zafi kamar a bakin murhu, gidan ɗaki biyu, tsakar gida siminti. Ponirah ta yi ƙiba kaɗan, tana iya takawa har masallacin layin da sanda, kuma ta jera barkono a bokitai bakin ƙofa. Ambon ya mutu wata biyu da zuwansu, a cikin barci. Darmaji ya sami masu kifi a kusa da tashar jiragen ruwa, kuma matan unguwar sun fara aiko masa da kwanoni, don magunansu sun ƙi na leda tun da suka ɗanɗana nasa. Hannun ya warke, sai dai ba ya juyuwa sosai.

Shi ya raka ni tashar mota. A hanya ya ce min ana maganar za a mayar da mijin Widuri aiki Balikpapan, can tsallaken teku, wataƙila ƙarshen shekara. Ba a tabbatar ba, Ponirah ma ba a gaya mata ba tukuna. Na tambaye shi ko za su bi su. Ya ce bai sani ba. Muna wucewa ta gaban wani shago ya tsaya, ya tambayi mai shagon ko yana da kwalayen da ba ya so, ya zaɓi uku masu ƙwari, irin na zuba kayan tashi, ya naɗe a hammata, sannan muka ci gaba da tafiya.