Ranar da Muka Ɗauka Duniya Za Ta Tashi

Jiya da muka dawo daga jana'izar Saratu, jikata ta tambaye ni, "Kaka, mene ne tashin duniya?" Sai hawaye ya zubo min.

Ina amarya a Herwagana, zamanin da aka fara zuba kwalta a Gombe, katanga ce kawai tsakanina da Saratu. Ita Batangaliya ce, Kirista. Mun yi faɗa a kan ruwan wanki da ke kwarara ƙofarta, muka daina gaisawa.

Wata rana da hantsi rana ta kama dushewa, kaji suka nufi akurki. Yara na buga gwangwani, mata na salati, ana cewa tashin duniya ne. Maigidana yana kasuwa. Na durƙusa a tsakar gida da tsohon ciki.

Sai ga Saratu ta shigo ko takalmi babu.

"Amarya, ki yafe min. Kada abin nan ya same mu muna gaba."

Na ce, "Au, ku ma kuna da tashin ƙiyama?"

"Muna da shi mana! Ranar shari'a muke cewa. Matsa min in zauna, ke da tsoro kamar farar kura."

Ta riƙe hannuna har rana ta washe. Ita ta karɓi haihuwata, ita ta yi min wankan jego.

Duniya ba ta tashi ba, amma tun jiya unguwarmu ta yi min faɗi. Ku in aka ce yau ce ranar, ƙofar wa za ku fara bugawa?