Manhajar da Ilyasu Ya Ƙi Kullewa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar ƙanena Ilyasu.

A tsakiyar shekarun tamanin yana aiki a wani kamfanin motocin alhazai kusa da Bi'ir Ali, miƙatin Madina, ni kuma ina unguwar Harra ta Gabas a cikin gari. Kamfanin ya sayi kwamfuta mai tsara wace mota za ta ɗauki wace tawaga. Manhajarta a rufe take. In ta rikice sai a jira wani daga Jidda, alhazai na tsaye cikin rana da harami a jiki. Ilyasu ya zauna ya rubuta tasa. Duk wanda ya zo da faifai sai ya kwafa masa, har da yadda aka gina ta, bisa sharaɗi guda: in ka gyara, kai ma ka bar ta a buɗe.

Na zauna Khartum, na zauna Istambul, ban taɓa ganin wanda ya miƙa wa abokin takara makullin shagonsa ba. Na ce ruwa ba ya tsami banza, mujallun Turawan da yake karantawa ne suka juya masa kai.

"Yaya, ba sadaka nake ba," in ji shi. "Mai so ma ya sayar. Amma na'urar da aka hana ka leƙa cikinta, kai ke da ita ko ita ke da kai?"

Sai labari ya kai ga kafilinsa, mai kamfanin da ya tsaya masa a ƙasar. Akwai wanda nake zato shi ya kai, mun sha cin abinci kwano ɗaya da shi, amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kafili ya ce a kulle manhajar da sunan kamfani, ko kuwa babu sabunta iƙama, takardar izinin zama.

"Kulle, ya ahi, halas!" na ce masa. "Kana da iyali."

"Rijiyar wakafi ake sa wa kwaɗo?" in ji shi.

Bai kulle ba. Iƙama ta ƙare, ya koma gida Damagaram, can ajali ya same shi, mutumin da burinsa duka a binne shi a Baƙi'a, maƙabartar Madina.

Yau kowa da waya a aljihu, cike da manhajojin da aka ce kyauta ne. Da yana nan, na san ba zai tambayi farashi ba. Zai ce wa ya ga cikinsu, kuma me suke kwasa daga gare mu su kai wa masu su. Ni ma yanzu haka nake tambaya, ba mai ba ni amsa.

Tasa kuwa, direbobi sun ce ta daɗe tana aiki a ofisoshi da dama. Wasu sun riƙe sharaɗin, wasu sun goge sunansa sun rufe. Ban san ko hakan ya kai a rasa Madina dominsa ba. Shi dai bai taɓa aiko min cewa ya yi nadama ba, kuma Ilyasu ba ya ɓoye abu.

Allah ya kai masa ni'imar Baƙi'a inda yake kwance.