Mun je Sakkwato mun baro ango a gida

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka bar Kano, ni da kawunmu da wani aminina da ya ja motar. Auren ƙanena za mu ɗauro a Dundaye ranar Asabar, ni ne wakilin ango. Na cika jaka da takardu har ina alfahari: katin ɗan ƙasa, hotuna, da takardar gwajin jinin da yaron ya yi bara a wani shagon gwaji na unguwarmu. Shi kuwa angon mun baro shi, don a gidanmu abin kunya ne yaro ya je yana haɗa ido da surukansa kafin a shafa fatiha.

Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta jijjiga mu, kawu na ta salati a kowane rami. A Talatar Mafara muka sha fura mai kauri. Da muka shigo Sakkwato da la'asar, zafi ya karɓe mu hannu biyu. A Kwalkwalawa na ga albasa tsibi-tsibi, araharta har ta ba ni haushi.

Mahaifin amarya malami ne mai sanyin magana. Bayan gaisuwa na miƙa masa jakar. Ya ɗauko takardar gwajin, ya duba, ya ajiye.

"Ina angon?"

Na ce yana Kano, kamar yadda aka saba.

"Wagga takarda ta tsufa. Nan liman bai ɗaura aure sai da sabuwa ta asibitin gwamnati. Ni kau so nikai su tai tare, in gani da idona. In jininsu bai dace ba, babu aure."

Raina ya ɓaci. Na fara kawo masa dogon bayani kan mutuncin gidanmu. Ya bari na gama tsaf.

"Ɗana, ɗiya biyu na rufe da hannuna, sikila ce. Wagga ɗiya tana ɗauke da rabin jinin. Ba ni bari ta yi kukan da uwatta ta yi."

Kunya ta rufe ni. Nan take na kira ƙanena na ce ya hau motar farko.

Ya iso Alhamis da yamma a yamutse. Safiyar Juma'a muka kai shi da amarya wani asibitin gwamnati ta wajen Sama Road, aka ɗebi jini, ango na sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata. Ni da nake cika baki na kasa cin tuwon shinkafar da aka kawo mana da rana.

Bayan an sauko Juma'a sakamako ya fito. Ƙanena AA ne, wato ba ya ɗauke da jinin sikila ko kaɗan. Malam ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya share ido, ya ce, "Gobe ƙarfe goma."

Aka ɗaura, aka raba goro da alawa, Lahadi muka juyo da amarya. Mai niyyar ɗauro aure a Sakkwato, ya tafi da ango da ƙafarsa, ya kuma ba kansa kwanaki. Ni dai na shiga gida ina kallon 'ya'yana uku, na tuna ni da uwarsu ba mu taɓa gwada jininmu ba. Litinin da safe muna layin asibiti mu biyar.